Tsuntsayen Cikin Waya da Kunnen Yaranmu

  Gaisuwa ga mutanen Malanville ciki da kewaye, da na Garu, da Madekali, da Gene, da Tumbutu, da Karimama. Gaisuwa ga 'yan'uwa na ƙetaren kogi a Gaya, har zuwa Kamba cikin jihar Kebbi, duk inda muryar nan ta kai. Iyaye mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki. 'Yan kasuwa, Allah ya kawo ciniki. Masu kwalekwale da masu noman shinkafa, sannunku da ƙoƙari.

Shirinmu na yau zai shiga cikin wayar hannu ne. Kun san yadda abin yake. Uba ya ajiye wayarsa a kan tabarma zai yi alwala, kafin ya juyo ta ɓace. Tana hannun ɗan shekara 7, ya rakuɓe a zaure, yana ta danna gilashi, kiɗa na tashi. Wasannin da yaran nan ke yi iri-iri ne. Akwai na harbi, akwai na tseren mota, akwai na ƙwallo. Akwai kuma wani iri da za mu tsaya a kansa yau, wato wasan bin kiɗa. A cikinsa kiɗa ke tashi, wasu halittu na rawa, wani lokaci tsuntsaye masu launi, kai kuma aikinka ka danna daidai lokacin da bugun ya faɗi. Ga matsayin wannan shiri tun daga farko, don ku riƙe shi muna tafe. Wasan bin kiɗa yana horar da kunnen yaro, kuma horon kunne abu ne mai amfani. Saboda haka bai cancanci a jefa shi kwando ɗaya da caca ba. Amma horon da yake bayarwa bai kai wanda muke da shi a tsakar gida ba. A bar yaro ya yi, da ƙa'ida, sannan a fito da shi wajen mutane. Zan maimaita: a bar shi ya yi, da ƙa'ida, sannan a fito da shi wajen mutane.

To, bari mu fara da sanin abin kansa. Ƙasar Japan ce cibiyar irin waɗannan wasanni. A 1996 aka fitar da PaRappa the Rapper a na'urar PlayStation, kuma ɗaya daga cikin malaman da ke koyar da kiɗa a cikinsa kaza ce mai dafa abinci. A 2006 kamfanin Nintendo ya fitar da wani jerin wasanni da duniya ta sani da suna Rhythm Heaven. Wani mawaƙi ɗan Japan mai suna Tsunku ne ya kai musu shawarar, har ya sa masu haɗa wasan suka je koyon rawa, don su ji kiɗa a jikinsu kafin su sa shi a na'ura. A fitowar 2008 akwai wasu shuɗɗan tsuntsaye guda 3 da ke tsaye a layi gaban kwamandansu. Ya ba da umarni su sari ƙasa da baki, ko su miƙe wuya, kai kuma kana riƙe da ɗaya daga cikinsu. Ka makara da ƙiftawar ido, naka ya fita daban, kwamanda ya harare ka. A fitowar 2011, ta na'urar Wii, akwai garken tsuntsaye kala-kala da ke tafiya taki ɗaya. Kowane bugu, taku ɗaya. Can sai kiɗa ya ba da alama, duka garken ya yi tsalle. Ana tafe hoton na ja da baya, garken na ƙara yawa, har naka tsuntsun ya zama ɗan ɗigo a cikin taro. Masu sauraro, in kuna son ku gane wasan nan sarai, ku tuna mace ta uku a lugude. Turmi ɗaya, taɓare uku. Ba ta tsayawa lissafin hannun 'yar'uwarta. Kunnenta ke gaya mata lokacin da taɓaryarta za ta sauka. Ta yi sauri a yi karo, ta yi jinkiri lugude ya ɓaci. Iyakar wasan ke nan. Na'urorin Nintendo ba su yawaita a gidajenmu ba, gaskiya ne. Amma a wayoyin Tecno da Itel da ke hannun kowa akwai 'yan'uwan wasan da yawa, irin su Piano Tiles da Magic Tiles, kuma dokarsu ɗaya ce: ka danna a kan lokaci.

Wani zai ce, in dai tsuntsaye ne masu launi, ai ido ake ruɗa, ina ruwan kunne? Ku saurari wannan. A 2017 wani yaro makaho ɗan makarantar firamare a Japan ya rubuta wa kamfanin Nintendo wasiƙar godiya. Ya rasa idanunsa tun yana jariri saboda cutar daji. Abin da ya sa ya rubuta shi ne, a cikin duk wasannin da sa'o'insa ke yi, Rhythm Heaven ne yake iya yi tare da su, har ya ci cikakken maki. Kamfanin ya ba shi amsa da rubutun makafi. Yaron bai taɓa ganin launin tsuntsu ko ɗaya a wasan ba, amma ya ƙware. Wannan ya ishe mu shaida. Launi shi ke jawo yaro ya zauna. Kunne shi ke cin wasan. Masu haɗa wasan ma da gangan suke rufe hoton ko su nisanta shi a tsakiyar kiɗa, don mai dogara da ido ya faɗi, ya koma ga saurare.

Yanzu mu juya ga tambayar da ta fi ba da sha'awa. Me ya sa tsuntsu? Me ya sa ba akuya ko jaki ba? Masu zane suna son tsuntsu don launinsa da yadda yake tafiya cikin garke, wannan a fili yake. Amma akwai wata alaƙa tsakanin tsuntsu da bin kiɗa da ilmi ya gano daga baya. A 2007 wani farin tsuntsu dangin aku, mai tukku rawaya, ya shahara a YouTube. Sunansa Snowball, yana wani gidan kula da tsuntsaye a jihar Indiyana ta Amurka. An ɗauke shi yana kaɗa kai, yana ɗaga ƙafa daidai da kiɗa. Wani masani mai suna Aniruddh Patel ya so ya san ko dacewa ce kawai. Sai ya ɗauki waƙa ɗaya, ya riƙa ƙara mata sauri yana ragewa, har mataki 11. Tsuntsun ya riƙa gyara rawarsa, ba kullum ba, amma fiye da abin da za a ce dacewa ce. An buga sakamakon a 2009. A wannan shekarar wata masaniya a jami'ar Harvard, Adena Schachner, ta tace ɗimbin hotunan bidiyo na dabbobi masu rawa. Waɗanda suka bi kiɗa da gaske kusan duk dangin aku ne, iri 14, sai giwa. Kare bai iya ba, kyanwa ba ta iya ba, duk da daɗewarsu tare da mutum. Bayanin da Patel ya kawo shi ne, halittar da ke iya kwaikwayon sautin da ta ji, wadda kunnenta ke haɗe da muryarta a cikin ƙwaƙwalwa, ita ce ta fi saurin iya bin kiɗa. Aku na kwaikwayon magana. Ɗan'adam ma da kwaikwayo yake koyon harshen uwarsa. Kun ga ke nan bin kiɗa da koyon magana maƙwabta ne.

A nan ne maganar ta shafi makaranta. A 2013, a jami'ar Northwestern ta Amurka, Adam Tierney da Nina Kraus sun gwada matasa sama da 100 'yan sakandare a birnin Chicago. Aikin mai sauƙi ne: ka buga yatsa daidai da wani sauti mai maimaituwa. Waɗanda suka fi daidaita bugunsu, sai aka tarar ƙwaƙwalwarsu ta fi kama sautin magana ba tare da tangarɗa ba. Kama sautin magana kuwa shi ne tushen haɗa baƙi. A 2015, a ƙasar Italiya, an ɗauki yara 'yan shekara 8 zuwa 11 masu fama da wahalar karatu, wadda likitoci ke kira disleksiya, wato yaro mai hankali sarai amma haruffa na ruɗe masa. Aka raba su biyu. Rabi aka koya musu kiɗa, rabi aka koya musu zane, tsawon wata 7. 'Yan kiɗa suka fi samun ci gaba a karatu. Wannan magana ta fi shafarmu mu da yawancin al'ummu. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke canja ma'ana a cikinsa, haka tsawon wasali da gajartarsa. Dendi ma da karin murya take tafiya. Shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum, ya juyo. Yaron Malanville yana tashi da harshe biyu ko uku a kunne, Dendi a unguwa, Hausa a kasuwa, wataƙila Fulfulde ko Zabarmanci a gidan kakanni, sannan ya je lakwal a fara masa da Faransanci. Yaron da ke ɗauke da wannan kaya, kaifin kunne jari ne a gare shi.

To amma fa a kula, masu sauraro, don nan ne tsakiyar shirin. Yaran Italiya ba waya aka miƙa musu ba. Malamai ne suka koya musu, a cikin aji, da tafi da ganga da motsa jiki, tare da 'yan'uwansu. Kuma akwai gwajin da ya auna wannan bambanci kai tsaye. A birnin Leipzig na Jamus, a 2009, Sebastian Kirschner da Michael Tomasello sun ba ƙananan yara ganga. Wani lokaci yaro ya bi sautin da ke fitowa daga lasifika. Wani lokaci ya bi wata na'ura mai buga ganga. Wani lokaci kuma ya bi mutum da ke zaune gabansa yana bugawa. Yaran sun fi daidaita bugu idan da mutum suke. 'Yan shekara 2 da rabi ma, da mutum kaɗai suka iya rage saurinsu su bi bugun da ba irin nasu ba. Shekara ɗaya bayan haka masanan nan biyu suka sake nuna cewa 'yan shekara 4 da suka yi waƙa da rawa tare sun fi saurin taimakon juna bayan an tashi. Da mutum ake koyon kiɗa. Zan sake faɗa: da mutum ake koyon kiɗa. Wannan kuwa ba mu rasa shi ba. 'Yan mata a dandali suna gaɗa, mai bayarwa a tsakiya, 'yan amshi na tafi, wata ta faɗo baya a tare ta a cilla. In hannu ɗaya ya makara, yarinya ta sha ƙasa, don haka kowa ke kasa kunne. Mata na lugude, wata ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba ta saɓa bugu ba. Akwai kiɗan ƙwarya da shantu a gidan biki. Akwai gangar noma da ke sa fartanya 20 su sauka tare ranar gayya. Masu tuƙa kwalekwale tsakanin nan da Gaya su ma sun san abin da ke faruwa idan filafili biyu suka saɓa. Duk waɗannan suna ba yaro abin da gilashi ba ya bayarwa: nauyin jiki, da numfashi, da idon abokin wasa, da kunyar ɓata wa jama'a. Abin da ke damuna shi ne suna ja da baya. Injin niƙa da injin casar shinkafa sun sauƙaƙa wa iyayenmu mata wahala, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma daka don kiɗa. Amma dandali ba inji ya kashe shi ba. Mu ne muka daina tura yara, muka ga zamansu shiru da waya ya fi mana sauƙi.

Yanzu bari mu saurari masu adawa, don suna da hujja. Akwai uban da zai ce, Malam, duk wannan bayani ne, ni dai na ga ɗana ya daina cin abinci a kan lokaci. Gaskiyarsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka, kuma kundin ya fara aiki a 2022. Amma ku ji alamomin da ta gindaya. Mutum ya kasa tsayar da kansa. Wasa ya ture sauran lamuran rayuwarsa. Ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Kuma yawanci sai abin ya kai wata 12 a haka. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan. Yaron da ya yi minti 20 ya ajiye ya tafi aike ba mara lafiya ba ne. Game da ƙanana kuwa hukumar ba ta yi sassauci ba. Wanda bai kai shekara 2 ba, kada a zaunar da shi gaban gilashi. Daga 2 zuwa 4, kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. Iyaye mata, wannan taku ce, don na san ana miƙa wa jariri waya don ya yi shiru a gama girki. Sai batun ƙara. Abin takaici ne wasan da ke horar da kunne ya zama shi ke kashe kunne. Hukumar ta ƙiyasta matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙarfi, kuma shawararta kada ƙarar na'ura ta wuce kashi 60 cikin 100. In ɗanki na saƙale da abin ji a kunne, kika kira shi daga nesan hannu bai waiwayo ba, ƙarar ta yi yawa. Haɗari mafi muni kuma ba a cikin tsuntsayen yake ba. Wasannin da ake saukewa kyauta da talla suke cin abinci. Tsakanin zagaye da zagaye sai talla ta faɗo, wata ta caca, wata ta hotunan da ba su dace da yaro ba, wata ta ce a biya a buɗe sabuwar waƙa. Maganin wannan na hannunku. Yawancinsu suna aiki ba tare da intanet ba. A kashe data kafin a miƙa waya, talla ta ragu, kuɗin data ya huta. Lambar sirrin asusun kuɗi na waya kuwa, kada yaro ya san ta.

Akwai kuma mai cewa kiɗa ne, kuma malamai sun yi magana a kan kiɗa. Wannan shiri ba zauren fatawa ba ne. Kowane gida da malaminsa, a tambaye shi, a bi abin da ya ce. Gidan da bai yarda da kiɗa ba, horon kunne bai kuɓuce masa ba, don yana nan cikin tafi, da waƙen makarantar Islamiyya da yara ke rerawa tare, da karin rubutacciyar waƙa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, wasan da ya ci lokacin salla, ko ya hana zuwa makarantar allo, ya wuce gona da iri, ko da babu ƙara ko ɗaya a cikinsa.

Mai adawa na ƙarshe shi ne manomin shinkafa, kuma shi na fi jin nauyinsa. Zai ce, ku je can da tsuntsayenku masu ado. Ni tsuntsun da na sani janbaki ne, mai zuwa kamar hadari, ya sauka a fadama ya tashi ya bar ni da kara. 'Ya'yana tun asuba suna kan dakali da gwangwani da majajjawa. Babu mai musa masa. Amma shi ma ya san ba janbaki kaɗai Allah ya ajiye a bakin kogin nan ba. Ya san shamuwa, da ke sauka gaban damina ta yi sheƙa a itacen tsakiyar gari, babu mai jifanta. Ya san balbela a bayan shanu, da zalɓe tsaye a ruwa, da kirinjijiya mai farar fuska da ke wucewa da yamma tana fito sau uku-uku, bugu ɗaya kullum. Ya san jajayen tsuntsayen nan masu shuɗin kai, da ke haƙa ramuka jere a gaɓar kogi, waɗanda in an sa wa daji wuta sukan taru a bakin hayaƙi suna cafke fara. Dattawa kuma sun san gauraka: tukku ruwan zinariya, kumatu fari da ja, fikafikai farare. In za ta yi rawa sai ta rusuna, ta buɗe fikafikai, ta daka tsalle, abokiyarta ta amsa. Babu mai zane a Japan da ya zana abin da ya kai ta. Yau ganinta sai an dace. Fadamun da take kiwo sun zama gonaki, ana kuma kama ta a sayar wa masu ajiyewa a gida, har ƙungiyar IUCN mai lura da halittu ta sa ta cikin waɗanda ake jin tsoron ƙarewarsu. Nan kusa da mu akwai dajin W, wanda Benin da Nijar da Burkina Faso suka haɗa, mai tsuntsaye sama da iri 350, kuma tun 2017 ɓangarenmu na Benin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO. Halin tsaro bai bar mu mu ce a kai yara can ba. Amma mahaɗar kogin Sota da Kwara tana nan, fadamun shinkafa suna nan. Yaron da zai lissafa maka tsuntsayen cikin waya bai san kukan kirinjijiya ba, ba laifinsa ba ne. Babu wanda ya nuna masa. Kuma sha'awar da wasan ya kunna masa ita ce hanya mafi sauƙi ta nuna masa.

Kafin lokaci ya ƙure, ga roƙona. Iyaye maza, yau da dare kada ku fizge wayar. Ku zauna kusa, ku ce ya nuna muku, ku gwada da kanku. Ta haka za ku san ko wasan bin kiɗa ne ko wani abu dabam. Ku yanka masa lokaci, bayan karatu, ba a kan shimfiɗar barci ba. Iyaye mata da kakanni, waƙoƙin gaɗa da kuka yi kuna 'yan mata suna nan a bakinku, ku koya wa jikoki kafin su tafi da ku. Malaman lakwal da na Islamiyya, minti 5 na tafi tare kafin darasi ba ya cin ko dala. Ku kuma samarinmu da ke karatun kwamfuta a Parakou da Kotonu da Yamai da Sakkwato, kayan aiki na jiran ku a gida: kalangu, da lugude, da gauraka. Ku haɗa mana wasan da yaron Malanville zai danna ya ji bugun garinsu, ya ga tsuntsun da zai iya fita ya nema.